Idan Likita Ya Ambaci Maganin Lantarki



A bara mun ga wata 'yarmu a nan Lajawa, wadda bayan haihuwa ta daina magana, ta ƙi abinci, har jaririnta ba ta ko kallo. Muka yi addu'a, muka yi azumi. Da aka kai ta asibiti a Kano, likita ya ce za a yi mata magani da lantarki. Mijin ya tsorata, ya ɗauko ta suka dawo gida, ta ƙara wata biyu a kwance. Mu da ya zo neman shawara a wurinmu, ba mu san abin da za mu faɗa masa ba. Shi ya sa muka je muka tambaya.

Likitoci na kiransa ECT. A Roma aka fara shi a 1938, ta hannun likitoci biyu, Ugo Cerletti da Lucio Bini. A farko, gaskiya ne, ana yinsa mutum yana farke, jiki ya yi ta karkarwa har ƙashi kan karye. Daga nan tsoron ya samo asali. Yanzu kuwa ana yi wa majinyaci allurar barci da ta sassauta jiki, sannan a sa lantarki kaɗan a kai na 'yan daƙiƙoƙi. Wannan yakan jawo gajeriyar farfaɗiya a ƙwaƙwalwa, wadda ita ce ke kawo sauƙin. Yawanci sau 6 zuwa 12 ake yi, sau biyu ko uku a mako.

Ba kowa ake yi wa ba. Na mai tsananin baƙin ciki ne da ƙwayoyi suka kasa, ko mai neman hallaka kansa, ko wanda ya ƙame ba ci ba sha. Yana da illa: ciwon kai, ruɗewa na ɗan lokaci, da mantuwa, musamman abubuwan da suka faru dab da jinyar. A wurin wasu mantuwar takan daɗe. Kada mu ɓoye wa iyali wannan.

Abin da ke ba mu mamaki shi ne, muna gudun likita, amma ba ma jin komai idan aka ɗaure ɗan'uwa da mari a wani gidan addu'a. Tun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958, kuma ta tanadi haƙƙin majinyaci.

Dattawa, in iyali za su je Dawanau, ko asibitin Malam Aminu Kano, ko Barnawa a Kaduna, ɗayanmu ya raka su. Ya tambaya: za a yi allurar barci? Sau nawa za a yi? Nawa ne kuɗin? In ba allurar barci, kada a sa hannu. Kuɗin mota kuwa, ikkilisiya ta fitar daga baiko.