Kalmar "Cool" ta Turanci: Ma'anarta da Yadda A Ke Amfani da Ita



Maganar da zan yi yau a kan kalma ɗaya ce tak ta Turanci, watau "cool". Mai yiwuwa wani ya ce, ina abin lacca a kalmar da ɗan firamare ma ya sani? Ai ma'anarta sanyi. To, a nan gizo ke saƙar. Abin da na ke so in nuna shi ne, wannan kalma ba ta yi daidai da "sanyi" namu ba, kuma wanda ya ɗauke su abu guda yana iya ɓata magani, ko ya ɓata wasiƙa, ko ya ɓata wa mutum suna.

Kalmar tsohuwa ce, ta haura shekara dubu a bakin Ingilishi, kuma tushenta ɗaya da "cold" da "chill", da kuma "kühl" ta Jamusanci. Turawa sun jera kalmominsu na zafi da sanyi kamar matakala: "hot", "warm", "cool", "chilly", "cold". "Cool" ɗan sanyi ne mai daɗi, irin na ruwan randa ko inuwar tsamiya da tsakar rana. "Chilly" kuwa ɗan sanyi ne marar daɗi, wanda ke sa mutum ya nemi mayafi. Bambancinsu bai tsaya ga ma'aunin zafi kaɗai ba, ya haɗa da yadda jikin mai magana ya karɓi abin.

Hausa ba haka ta yanka nata ba. Mun ware "ɗari", watau busasshen sanyin hunturu mai fasa leɓe da diddige, muka bar "sanyi" ya ɗauki sauran, tun daga ruwan randa har ƙanƙara. Saboda haka abin da ya fi kusa da "cool" shi ne "sanyi-sanyi", wani lokaci kuma "ni'ima". Har wa yau, kowa da ma'auninsa. A Landan zafin rana a watan Yuli bai cika wuce digiri 25 ba, alhali a Kano watan Afrilu yakan kai 40. Asubar hunturu da ta sauka zuwa digiri 13 ko 14, wadda ke sa mu kewaye wuta, Baturen Ingila "cool" zai ce da ita ya wuce abinsa.

Yanzu ga inda maganar ta shafi rai. Sau da yawa a jikin kwalin magani akan rubuta a ajiye shi a wuri "cool". Masu haɗa magunguna ba su bar kalmar ga jin jiki ba. Kundin ƙa'idojin magunguna na Amurka ya ƙayyade cewa "cool" daga digiri 8 ne zuwa 15 a ma'aunin Salsiyas, "cold" kuwa abin da bai wuce 8 ba, firji kuma tsakanin 2 da 8. Idan mai fassara ya rubuta "a ajiye a wuri mai sanyi" ya yi shiru, mai jinya na iya cusa maganin a sashen ƙanƙara, yana ganin ƙarin sanyi ƙarin kiyayewa ne. Amma insulin na masu ciwon sukari, da allurar rigakafin sarƙewar haƙora, daskarewa tana lalata su. Wani kuma ya ajiye magani a kan kanta ƙarƙashin rufin kwano, don a ganinsa inuwa ita ce sanyi. Duka biyu asara ce. Maganin wannan shi ne a rubuta adadin digiri, sa'an nan a ƙara da cewa kada a bari ya daskare, ko kada rana ta taɓa shi.

Sai ma'anonin aro. In Bature ya ce mutum "cool" ne a lokacin tashin hankali, yabo ne: yana nufin mai natsuwa, wanda ba ya ruɗewa. In ka fassara da "yana da sanyi", Bahaushe zai ji sanyin jiki, watau nawa da kasala, ka ga yabo ya koma zargi a cikin rahoton ma'aikaci. In kuma aka ce an yi wa baƙo tarba "cool", to, an karɓe shi ba yabo ba fallasa, ba sakin fuska. A nan harsunan biyu sun juya wa juna baya. Mutanen ƙasar sanyi suna kwatanta ƙauna da ɗumi. Mu kuwa da rana ke gasawa, sanyi ne rahama gare mu: sanyin hali abin so ne, mai lallashi ya sanyaya zuciya, zafin rai kuwa aibi ne.

Akwai kuma ma'anar samari, watau abin burgewa. Wannan ta yaɗu ne daga baƙaƙen fatar Amurka masu kiɗan jaz a shekarun 1940, kuma faifan Miles Davis mai suna "Birth of the Cool", wanda ya fito a 1957, ya ƙara fito da ita. Ta dace da hira, amma ba ta da wuri a takardar ofis.

Jan hankalina ga ɗalibai da ma'aikata shi ne, kafin ku fassara wannan kalma ku tambayi kanku abu uku: wa ya faɗe ta, a wace ƙasa, kuma a kan me? Ƙamus zai ba ku "sanyi", sauran aikin naku ne.