Falaki: Daga Mazarin Kaka Zuwa Sararin Sama

Yau kalma ɗaya na riƙo muku, falaki.

Aro muka yi daga Larabci, su suna cewa falak. Amma asalinta a tsakar gida yake. Wanda ya taso ya iske kakarsa tana kaɗi ya san gululun nan na laka da ke gindin mazari, wanda in an murza yake ta wulwulawa. To, falka Larabawa ke ce masa. Masana harsuna ma sun gano cewa a tsohon harshen mutanen Babila, can Iraƙi ta yau, sunan mazari pilakku. Kun ji kamar? Mutanen zamanin da sun ɗaga kai sun ga taurari na kewayawa, sai suka tuna da mazarin gida. Oho dai, yanzu ina masu kaɗin? A miƙa wa 'yar zamani auduga da alli, sai kallo.

Kalmar ta zo sau biyu a Alƙur'ani, Anbiya'i aya ta 33 da Yasin aya ta 40, kuma an ruwaito Ibn Abbas da misalin mazarin nan ya yi bayaninta. Daga nan ta zama sunan hanyar da rana da wata ke bi, da sararin kansa, har da ilimin lissafinsu.

Lissafi fa na ce, jama'a. Daga jinjirin wata zuwa wani kwana 29 da rabi ne, shekarar Hijira ta kama 354, ta gaza ta rana da wajen kwana 11. Shi ya sa azumi ke zagayawa, yau hunturu, gaba bazara, ya dawo inda ya faro cikin kimanin shekara 33.

Amma wani zai shimfiɗa buzu ya zana ƙasa, ya ce shi malamin falaki ne, tauraronki ya faɗi, kawo baƙin bunsuru. Haba Hajiya! Kallon kitse kike wa rogo. Mai falakin gaskiya zai faɗa miki ranar husufi tun da sauran shekaru, ba zai taɓa faɗa miki kishiya ce ta hana ki ciniki ba.

Har a waya yanzu suke turowa, wai ka aiko da sunan mahaifiyarka da kati a duba maka. Don Allah duk wanda ya haɗa muku falaki da lambar asusun banki, ku kashe wayar.