Buguwar Kai Ba Jini: Alamomin Girgizar Ƙwaƙwalwa da Yadda Ake Jinyarta



Mu mutanen Taraba ba sai an gaya mana illar raunin ƙwaƙwalwa ba. Tun ranar 25 ga Oktoba 2012 da jirgin Gwamna Danbaba Suntai ya faɗi kusa da Yola, muka ga yadda aka yi ta jinya daga Jamus zuwa Amurka har rasuwarsa a 2017, Allah ya jiƙan rai. Wancan babban rauni ne. Yau kan ƙaramin nake son mu tsaya, wanda kullum ake samu a haɗarin babur ko keke a hanyar Wukari da ta Zing, ko in 'yan ƙwallo sun yi karo da ka a filin Jolly Nyame.

Mutum ya faɗi, ya tashi ya kakkaɓe riga, an duba ba jini, sai a ce Allah ya kiyaye. Alhali ƙwaƙwalwa ta girgiza cikin ƙoƙon kai. Akasari ko suma ba a yi, hoton kai ma sau da yawa ba ya nuna komai.

Daga baya ne, wani lokaci sai washegari, ciwon kai zai taso, da jiri, da tashin zuciya. Haske ya dame shi, hayaniya ta hana shi sakat. Barci ya rikice. Ɗalibi ya karanta shafi sau uku bai riƙe komai ba. Magidanci mai haƙuri ya koma saurin fushi. A nan muke kuskure. Wasu su ce zazzaɓin cizon sauro ne, a garzaya kemis. Wasu su ce iska ce ta taɓa shi. Ba mai tuna faɗuwar shekaranjiya. Ni a ganina, tambayar "ka bugu a ka?" ta fi rabin magungunan da muke saye amfani.

Jinyar ba ta da tsada. Masanan da suka taru a Amsterdam a 2022 sun tsaya kan hutun awa 24 zuwa 48, tare da rage kallon waya da talabijin, sannan a fara ɗan tattaki, a riƙa ƙarawa gwargwadon yadda jiki ya ɗauka. Kulle mutum a ɗaki mai duhu mako guda ba ya taimakawa. Farasitamol ya isa ga ciwon kai. A guji asfirin, domin yana ƙara zubar jini, balle taramol da giya. Kada ya yi tuƙi, kuma wani ya kwana kusa da shi daren farko. Yawanci ana warwarewa cikin mako biyu zuwa huɗu. In ya haura haka, a koma wurin likita.

Amma in ana ta amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko jijjiga, ko magana ta sarƙe, ko hannu ko ƙafa ya mutu, ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko an kasa tashe shi daga barci, to babu jira: a wuce Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru nan Jalingo nan take, don mai yiwuwa jini ne ke taruwa a ciki.

Roƙona ga masu horar da 'yan wasa da malaman firamare: yaron da ya bugu a ka, ko ya rantse ya warke, kada ya koma fili a ranar. Ku kai shi gida, ku gaya wa iyayensa abin da ya faru.