Awon Fulawa Da Haɗa Ta Da Garin Gida

Wannan jawabi ne da wata malamar koyar da tattalin gida ta yi wa matan azuzuwan yaƙi da jahilci a garin Achida, cikin ƙaramar hukumar Wurno. Mun buga shi saboda amfanin masu sana'ar suya da gashi a cikin gidajensu.

  Waɗanda suka taso daga Wurno da Rabah da Goronyo, sannunku da hanya.

Yau a kan fulawa za mu yi magana. Na san da yawa daga cikinku da ita kuke samun na sabulu da na makarantar yara. Wata fanke take yi, wata cincin, wata alkubus ko funkaso, wata kuma kek da dubulan idan biki ya taso. Na kuma san kukan da kuke yi. Fulawa ta yi tsada. Idan aka ƙara wa fanke kuɗi yara su gudu, idan aka rage masa girma a ce an yi rowa. Wasu sun kife kasko sun haƙura. Wasu kuwa suna nan suna suya, jari yana narkewa ba su ankara ba.

Wannan tsada tana da dalili. Mafi yawan alkamar da kamfanoni ke niƙawa su yi fulawa daga ƙasashen waje ake sayo ta, da kuɗin waje. Saboda haka da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022, ƙasashe biyu masu sayar wa duniya alkama, sai da muka ji a jikinmu a nan kasuwar Achida. Da darajar naira ta faɗi a 2023, abin ya ƙaru. Manya daga cikinku za su tuna ba yau aka fara ba. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama, ba a ɗage hanin ba sai 1992, kuma a tsakanin nan masu gidan burodi sun gwada haɗe-haɗe iri-iri. Daga baya gwamnatin Obasanjo ta nemi a riƙa sa garin rogo kashi 10 cikin 100 a fulawar burodi, ta Jonathan ma ta sake tayar da maganar a 2012. Ashe haɗa fulawa da garin gida ba aikin matsiyata ba ne. Abu ne da masana suka gwada, yana kuma da ƙa'ida.

Amma kafin mu je ga haɗi, sai mun gyara awo, domin a nan asarar take farawa.

Ga gwangwanin madara guda biyu a gabana, girmansu ɗaya. Wannan na tsoma shi cikin buhu na danna da hannu. Wannan kuwa na tankaɗe garin tukuna, na zuba da cokali, na share bakin da bayan wuƙa. A ido duk gwangwani ɗaya ne. To, amma wanda aka danna ya fi ɗaya nauyi da kusan kashi 1 cikin 4. Wato gwangwani 4 dannannu sun kai 5 na wanda ba a danna ba. Uwargida da ke kwaɓa gwangwani 20 kullum, idan yau ta danna gobe ba ta danna ba, bambancin ya kai gwangwani 5. Shi ya sa wata rana fanke ya yi taushi, wata rana ya yi tauri, ita kuma ta ɗora wa yis laifi ko ta ce an yi mata baki.

Saboda haka ki ware gwangwani guda na awo, kada ki canja shi, kada ki ba da aronsa. Ki tankaɗe kafin awo, ba bayan awo ba. Ki share baki, ban da tozo. Mudu da kwanon kasuwa na saye ne, ba na kwaɓi ba, don kowace mai awo da irin hannunta. Wadda Allah ya hore wa ƙaramin sikeli ta huta, domin kilo ba ya canjawa. Kilo 1 na fulawa yakan ba da gwangwanin madara 10 zuwa 12, gwargwadon yadda aka cika shi.

Sai maganar ruwa. Fulawa tana bin yanayi. Da hunturu iska ta bushe, gari ya bushe, sai ya sha ruwa fiye da yadda kika saba. Da damina gari ya riga ya ɗebi laima daga iska, ruwan da kika saba zubawa sai ya yi masa yawa. Kuskuren da muke yi shi ne mu juye ruwan duka a lokaci guda, kwaɓi ya yi ruwa, sai mu dinga barbaɗa fulawa don mu gyara. Kowane barbaɗe kuɗi ne. Banda haka sukari da yis da gishirin da aka auna tun farko sun zama ba su isa ba, sai abin ya fito lami. Ki riƙe kashi 1 cikin 5 na ruwan a gefe, ki riƙa ƙarawa da cokali har kwaɓin ya yi yadda kike so. Ruwa ake bi da shi a hankali, fulawa kuwa a bar ta yadda aka auna ta.

Yis ma haka yake. Da sanyin Disamba da Janairu kwaɓi yakan yi nawar tashi. Kada ki ƙara yis, ki kwaɓa da ruwa mai ɗumi, ki rufe da tsumma mai laima, ki ajiye kusa da murhu ko cikin rana. Ɗumin ya zama wanda yatsa zai iya zama a ciki, domin ruwa mai zafi kashe yis yake yi. Da bazara kuwa, a zafin nan namu na Afrilu, kwaɓi yakan tashi da wuri ya zarce ya yi tsami, sai ki rage yis ki kwaɓa da ruwan randa.

Yanzu mu zo ga haɗi. Me ya sa ba za a yi burodi da garin gero zalla ba? Ku dubi abin nan da ke hannuna. Ɗazu na kwaɓa ɗan curin fulawa, na bar shi ya huta, sannan na yi ta wanke shi a cikin ruwa. Farin garin ya bi ruwa, wannan ya rage, yana miƙewa kamar cingam. Shi ne danƙon alkama, wanda masana ke kira gulutin. Idan yis ya fitar da iska a cikin kwaɓi, wannan danƙon ne ke riƙe ta, shi ya sa burodi ke kumbura, fanke ke yin ramuka a ciki. Gero da dawa da masara da shinkafa da rogo duk ba su da shi. Wata za ta ce ai garin rogo yana da danƙo, tun da shi ke kama ɗanwake. Gaskiya ne, amma wancan danƙon sitaci ne, sai ya ji zafi yake fitowa, kuma ba ya riƙe iska yadda na alkama ke yi.

Daga nan ƙa'idar ta fito. Abin da ake so ya kumbura sosai, kaɗan ake haɗa masa. Abin da ba a damu da tashinsa ba, ya fi ɗaukar haɗi. A cikin gwangwani 10 na burodi ko alkubus, ki fara da 9 na fulawa da 1 na garin gida. Idan ya yi, ki gwada 8 da 2, ki tsaya a nan. Fanke yana ɗaukar 8 da 2. Cincin da biskit da kek, waɗanda mai da ƙwai ke taimaka musu, suna iya kai 7 da 3. Dubulan ni dai ba na haɗa masa komai, saboda murzawa da lanƙwasawar da ake yi masa, da an rage danƙo sai ya dinga tsinkewa.

Na taɓa yin gaggawa a wannan, na kuwa sha kunya. Wata maƙwabciyata ta ba ni aikin cincin na bikin ɗiyarta, fulawa ba ta isa ba, sai na cike rabi da garin gero ban gwada ba. Ina zubawa a mai ya watse ya koma tsaki, man ya yi baƙi. Na yi asarar gari da sukari da mai, na kuma sayi wata fulawar da kuɗina cikin dare. Tun daga ranar ba na gwada sabon haɗi sai da gwangwani 1 ko 2, kuma ba a ranar aikin mutane ba.

Kowane gari da halinsa. Idan dawa ce, ki nemi farfara, ki surfe, ki wanke, ta bushe, a niƙa da laushi, ki tankaɗe da rariya mai ƙananan ido, in ba haka ba za a ji ta kamar yashi a baki. Gero yana da maiƙo, garinsa ba ya jimawa sai ya yi ɗaci, don haka ki niƙa na kwana biyu ko uku kawai, kuma ki sani zai rage wa abin haske. Garin shinkafa yana sa cincin ƙaras-ƙaras. Akwai wata dabara da masu masa suka daɗe da sani, wato zuba dafaffiyar shinkafa cikin ƙullu. Haka za ki yi wa garin dawa ko na masara. Ki ɗebi kaɗan daga ciki ki dama da tafasasshen ruwa kamar talge, ki bari ya huce, sannan ki haɗa da sauran. Yana sa taushi, yana kuma hana abin saurin bushewa.

Rogo yana bukatar dogon bayani, domin akwai haɗari. Garin kwaki ba ya wannan aiki, an riga an tsimar da shi an soya. Alabo ma yana da tsami da wari. Garin da ake nufi shi ne wanda aka yi a rana ɗaya. A haƙo rogo da safe, a fere, a wanke, a goge, a zuba cikin buhu mai tsabta a danne da dutse ruwan ya tsane, a baza shi siriri a rana a kan tabarma ko leda, nesa da ƙasa da awaki. Idan ya bushe ƙayau a niƙa a tankaɗe. Idan ya kwana da laima zai yi tsami. Rogo yana da guba a jikinsa, mai ɗaci ya fi yawa, kuma gogewa da matsewa da shanyar nan su ke fitar da ita. Wadda ba za ta iya bin waɗannan matakai ba, ta bar rogo ta yi da dawa. Garin rogo ya fi fulawa shan ruwa, sai ki ƙara cokali 1 ko 2.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne alkamarmu ta gida. Muna zaune a bakin gulbin Rima, ga madatsar ruwa ta Goronyo, ga fadamar Wurno, mazajenmu suna shuka alkama da sanyi su girbe wajen watan Maris. Iyayenmu da ita suka yi alkaki da funkaso tun ba a san fulawar kamfani ba. Ita tana da danƙonta, don haka tana iya maye rabin fulawar burodi ko fanke, funkaso kuwa ita kaɗai ta isa. Ki tsince, ki wanke, ki shanya, a niƙa sau biyu. Sai dai dusarta tana shan ruwa, tana kuma yanke danƙo. Ki ƙara kamar cokali 1 na ruwa a kowane gwangwani, ki bar kwaɓin ya huta minti 20 zuwa 30 kafin ki murza. Abin zai fi duhu da nauyi, amma ya fi riƙe ciki. Lokacin sayenta shi ne da kaka tasa, sa'ad da take araha.

Sauran musanye-musanyen ba su da wuya. Idan kin sa zuma ko narkakkiyar mazarƙwaila maimakon sukari, ki rage ruwa, ki kuma sassauta wuta don suna saurin ƙonewa. Dafaffen dankali da aka murje yana shiga fanke da burodi, yana kawo zaƙi da laima, shi ma a rage masa ruwa da sukari. Garin waken suya da aka soya sama-sama, 1 cikin 10, yana ƙara gina jikin yara. Idan hodar kek ta yanke, ɗan ruwan kanwa da nono mai tsami suna tayar da kwaɓi, amma kanwa in ta yi yawa sai ɗanɗano ya koma na sabulu.

Kada wata ta tashi daga nan da zaton kowane haɗi riba ne. Akwai lokacin da shinkafa ta fi fulawa tsada. Akwai kuɗin niƙa, akwai dusar da ke fita a tankaɗe, akwai itace da wahalarki. Wani haɗin kuma ya fi shan mai, abin da kika tsira da shi a gari ya tafi a kasko. A nan karatun da kuke yi zai yi muku rana. Ki buɗe shafi a littafinki, ki rubuta kwanan wata, gwangwani nawa na fulawa, nawa na garin gida, ruwa nawa, mai nawa ya tafi, fanke nawa ya fito, nawa aka sayar. Bayan mako biyu lissafin da kansa zai nuna miki haɗin da ya karɓe ki. Idan kuma mai saye ya tambaya, ki gaya masa abin da ke ciki, musamman mai ba da aikin biki da ya kawo kuɗin fulawa zalla. Haɗi da sanin mai kaya sana'a ce, a ɓoye kuwa algus ne.

Mako mai zuwa kowace ta zo da gwangwaninta na awo da littafinta da fensir. Na Goronyo su taho da alkama, na Rabah da farfara, na Wurno da shinkafa, mu na Achida za mu tanadi mai da itace. Za mu kwaɓa fanke kashi uku, mu soya, mu ƙirga, kowace ta ɗanɗana da bakinta.