Haɗa hoton talla da na cigiya a ƙaramar waya

Ga abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako, mun sa shi a takarda saboda wanda bai samu saurare ba, ko wanda iska ta hana shi ji da kyau.

Maganar ta taso ne daga wani dillalin dabbobi da ya tare ni a kara, ransa a ɓace. Ya haɗa hoton talla na raguna uku a wayarsa, ya rubuta farashi da lambarsa, ya tura a WhatsApp. Kwana biyu shiru, ba wanda ya kira. Sai da wani yaronsa ya buɗe hoton a babbar waya aka ga abin da ya faru: lambar ƙarshe ta fita daga gefen hoton, rabinta kawai ya rage, takwas ta koma kamar uku. A tasa wayar bai lura ba, don gilashin ƙarami ne, kuma akwai tsaga daidai wannan kusurwar. Kiran da ya kamata ya zo masa, Allah kaɗai ya san wanda ya sha shi.

To, ɗan'uwa, ba wai sai ka sayi waya mai tsada ba. Ƙaramar da ke aljihunka za ta yi aikin, amma sai ka san abin da take ɓoye maka.

Fuskar waya ɗigo-ɗigo ce, ƙananan ɗigogin haske da aka jera kamar ƙwayar gero a faifai, su ake ce wa fiksel. 'Yar waya mai madannai yawanci ɗigo 240 ne a faɗi, 320 a tsaye. Masu shafawa na araha da yawa 480 ne a faɗi, 854 a tsaye, wato ɗigo dubu ɗari huɗu da 'yan kai. Amma kyamarar da aka rubuta mata megafiksel 8 tana ɗaukar hoto mai ɗigo 3264 a faɗi, 2448 a tsaye, kusan miliyan takwas ke nan. Ka ga ashe wayar ba ta iya nuna maka duk abin da ita kanta ta ɗauka. Matse shi take yi, ta haɗa ɗigo wajen bakwai na faɗi su zama ɗaya. Ƙuda a idon sa, kashin awaki a bayan ragon, harafin da ya karkace, duk suna nan cikin hoton, kai ne dai ba ka gani. Mai saye a Kano ko Yamai da ke riƙe da babbar waya, shi zai gani sarai.

Saboda haka, kafin ka ce ka gama, sa yatsu biyu ka buɗa hoton, ka bi shi kusurwa-kusurwa kamar yadda kake duba tunkiya kafin ka biya: baki, ido, ƙafa, wutsiya. Sannan ka sake matse shi ya koma ƙarami ka kalle shi gaba ɗaya. Aiki a ƙaramin gilashi haka yake, ka matso, ka ja baya, ka sake matsowa. Akwai gajiya, amma ta fi kwana biyu na jiran kira.

Yanzu ga kuskuren da ya fi yawa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Mutum ya gama haɗa tallarsa a manhaja, maimakon ya danna wurin ajiyewa, sai ya danne madannan gefe ya ɗauki hoton fuskar wayar, abin da yara ke cewa sikirinshot. Ya ga ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Sikirinshot ba ya ɗaukar fiye da ɗigon da ke gilashinka. In gilashinka 480 ne a faɗi, to hotonka ya zama 480, sauran ɗigon duk ka zubar da su, kuma ba sa dawowa. Ga agogo da alamar batir sun shigo ciki, sai ka yanke su, ya ƙara raguwa. Ka tura wa wani, shi ma ya yi masa sikirinshot ya tura gaba. Kafin hoton ya je hannu na huɗu, ragon ya koma kamar an zana shi da gawayi a bango.

Ni ma abin ya taɓa cina. Na kai irin wannan hoto wani shagon buga takardu a buga mini sanarwa, aka miƙo mini takarda rubutun duk ya yi zara-zara kamar haƙoran zarto. Na fara yi wa yaron shagon faɗa, sai ya nuna mini a kwamfuta cewa hoton da na kawo ne bai da ɗigo. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, kuma don bugu ya fito tas ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato kusan 2480 a faɗin takardar. Ni kuwa 480 na kai. Na biya kuɗin, na naɗe takardata na tafi.

Maganin abin mai sauƙi ne. Tun kafin ka fara, zaɓi girman filin aikin a cikin manhajar, kar ka bari ta bi girman gilashinka. Don turawa a WhatsApp ko Facebook, 1080 a faɗi da 1080 a tsaye ya wadatar. In a sitatus za ka ɗora, 1080 da 1920. In ka gama, nemi wurin ajiyewa na manhajar kanta. Kuma in hoton na bugawa ne a takarda, kar ka tura shi a matsayin hoto, domin WhatsApp na rage masa nauyi a hanya. Tura shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, zai isa yadda yake. Tun 2023 sun ƙara wata alama mai suna HD da ke rage matsewar, amma fayil ɗin ya fi tabbas, sai dai ya fi cin data.

Manhajojin da aka fi gani a hannun yaranmu su ne PixelLab, Canva, PicsArt da Snapseed. Ba talla nake yi wa kowa ba. Abin da zan ce kawai, wanda ke daji inda sabis ke zuwa yana tafiya, ya nemi wadda ke aiki ba intanet, irin PixelLab ko Snapseed. Canva ta fi son intanet, kuma tana da nauyi ga ƙaramar waya. Kowacce ka ɗauka, riƙa ajiye aikinka akai-akai, don waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa takan rufe manhaja ba sallama, musamman in kira ya shigo.

Wata wahalar ita ce wuri. Madannan manhajar sun ci sama sun ci ƙasa, in ka tashi rubutu allon haruffa ya taso ya rufe rabin abin da ya rage, sai ka koma kana leƙen aikinka kamar ta kafar ƙofa. Ga yatsanmu na masu jan igiya, ka je taɓa farashi sai ka ture hoton gaba ɗaya. Dabara ita ce ka rubuta kalmominka tun farko a wani wuri, ko da a saƙon da ka tura wa kanka ne, ka karanta su sau biyu, sannan ka kwafo ka liƙa. Da zarar hoton dabbar ya zauna inda kake so, kulle shi. Yawancin manhajojin nan suna jera aiki hawa-hawa ne, hoto a ƙasa, rubutu a sama, kuma akwai alamar kwaɗo da ke hana na ƙasan motsi. In akwai 'yan kibiyoyin matsar da abu kaɗan-kaɗan, yi amfani da su maimakon ja da yatsa. Sai kibiyar nan mai lanƙwasa da ke mayar da aiki baya in ka yi kuskure, ka san inda take tun kafin ka buƙace ta.

Kada ka manta kuma, mai karɓar hoton sau da yawa tasa wayar ta fi taka ƙanƙanta, kuma a tsakiyar rana zai duba, a tsaye, ana tura shi ta ko'ina. Don shi za ka yi aikin. Abu uku sun isa hoto ɗaya: mene ne, nawa ne, wa za a kira. Sauran bayani ka yi shi da murya. Haruffa su zama manya masu kauri, baƙi a kan fari ko fari a kan baƙi. Rubutun ado mai lanƙwashe-lanƙwashe, da ja a kan kore, da furanni a gefe, a ƙaramin gilashi duk kwaɓewa suke yi. In za ka rubuta a kan hoton, shimfiɗa farin fili a ƙarƙashin rubutun tukuna. Kuma bar tazarar faɗin yatsa ɗaya tsakanin rubutu da bakin hoto, ka tuna dillalinmu.

Lamba kuwa, mu na iyaka sai mun yi hattara biyu. Sa lambar ƙasa a gaba: +227 ta Nijar, sai lambobi takwas, +234 ta Najeriya, sai lambobi goma, an cire sifirin farko. Raba su biyu-biyu ko uku-uku don ido ya kama. In ka gama, ba wani ya karanta lambar daga hoton ya kira ka a gabanka. In wayarka ta yi ƙara, shi ke nan.

Haka ma kuɗi. Kar ka rubuta 150 kawai ka ce ai kowa ya gane. Naira ce ko sefa? Dubu ce ko dala? Mutumin Maraɗi in ya ce jikka, sefa dubu yake nufi, mutumin Katsina kuwa jaka a wurinsa naira ɗari biyu ce. Rubuta sunan kuɗin cikakke kusa da adadin, ko da zai sa ka cire wata kalmar don a samu wuri. Rigimar da ake yi a Maigatari ranar Alhamis ko Illela ranar Lahadi a kan "ai ba haka ka rubuta ba", ba ta da daɗin rabawa.

Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, ba kowane salon rubutu ne ke da su ba. Sai ka ga ɗan akwati a wurin harafin, ko ya fito siriri cikin masu kauri, kuma a ƙaramin gilashi ba lallai ka lura ba. Buɗa ka duba, in bai fito ba sauya salo. Masu rubuta ajami ma su duba, wasu manhajojin kan tsinka haruffan su rabu da juna.

Sai launi. Gilashin araha ba shi da gaskiya a launi, ka ɗan karkata shi sai ja ya koma ruwan ƙasa. Cikin rana kuwa komai dusu-dusu yake, sai mutum ya yi ta ƙara wa hoton haske da kala har jar akuyar Maraɗi ta koma kamar an shafa mata manja. Shiga inuwa, ƙara hasken gilashin, kashe abin nan na kare ido da dare da ke sa fuskar waya ta yi rawaya. Hajiya mai atamfa da shadda, wannan taki ce musamman, don mai saye in ta ga shuɗi a hoto aka kai mata wani abu daban, kayan za su dawo ne, kuɗin mota kuma a wuyanki. Gaskiyar magana, a hoton kayan sayarwa ni na fi son a bar launi yadda kyamara ta ɗauko. Ka ɗauki hoton da hantsi ko da la'asar, rana a bayanka, ya fi duk wani gyara.

Akwai kuma gyaran da ba gyara ba ne. Manhajojin nan na iya goge tabo, su cika rama, su daidaita ƙaho. Ragon layya kuwa malamai sun yi bayanin aibin da ke hana shi wadatarwa: mai ido ɗaya, da gurgu, da mara lafiya, da ramamme ƙwarai. Wanda ya goge irin wannan a hoto ya karɓi kuɗin mutumin da ke nesa, algus ya yi, kuma a kasuwar iyaka inda ciniki rabinsa amana ce ta waya, labari ba ya kwana.

Bari in ƙare da cigiya, don a nan ne hoto ya fi tsada. In saniya ta ɓace ko an kore ta, abin da zai sa a gane ta a wata kasuwa shi ne shaidarta: zanen wuta, yankan kunne, yadda ƙaho ya tashi, inda fari ya tsaya baƙi ya fara. Cewa farar Bunaji ce ko jar Rahaji bai isa ba, irinsu dubu ne. Kar ka cusa duka cikin hoto ɗaya har shaidar ta zama ɗigo uku. Yi biyu: ɗaya na dabbar gaba ɗaya daga gefe, da lambarka da sunan wurin da ranar da ta ɓace, ɗaya kuma ka yanko daidai shaidar daga hoton asali, ta cika fuskar waya. Wannan yankan ba zai yiwu ba sai in hoton asali na nan da ɗigonsa cikakku, shi ya sa ba a gyara a kansa, kwafi ake yi. A hoton cigiya kar ka taɓa launi ko kaɗan.

Kuma hoton nan ba ranar ɓata ake nemansa ba. Yanzu da garken ke gabanka, goge idon kyamarar da bakin rawani, ka ɗauki kowace dabba gefe biyu da kunnuwanta, ka ajiye a katin waya, ka tura wa wani ɗan'uwa a gari a matsayin fayil, saboda in waya ta faɗa rijiya ko ta tafi tare da shanun.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu taɓa maganar cajin waya da hasken rana a mashekari. Mai tambaya ya aiko ta hannun wakilinmu na kasuwarsu. A huta lafiya.