Irin Da Ba Ya Zama A Rumbu: Ajiyar Tsirrai Cikin Ruwan Naitirojin



Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san yadda ake ware iri. Bayan girbi, maigida zai zaɓi zangarniyar gero da ta fi cika, ya ɗaure ta daban, ya rataye inda ɓera da danshi ba za su kai gare ta ba. Ko yunwa ta matsa, ba a taɓa ta. Ajiya maganin wata rana. Wannan hikimar ce masana suka faɗaɗa suka gina bankunan iri, inda ake busar da ƙwaya a sanyaya ta. Mafi shahara shi ne na Svalbard da ke Norway, wanda aka buɗe a 2008, yana riƙe da iri a digiri 18 ƙasa da sifili. An ga ranarsa a 2015, sa'ad da yaƙin Siriya ya raba cibiyar ICARDA da bankinta na Aleppo, ta karɓo ajiyarta daga Svalbard ta sake shukawa a Labanan da Moroko.

To amma gero da dawa da wake ne ke jure wannan. Rogo da itacensa ake dasa shi, doya da yankanta, ayaba da 'ya'yan gindinta. Ko an samu ƙwayarsu, abin da zai tsiro ba zai ɗauko uwarsa sak ba. Goro da kaɗanya kuwa suna da ƙwaya, sai dai da ta bushe ta mutu. Ina za a ajiye waɗannan?

Hanya ta farko ita ce a bar su a gona, a sake dasawa kowace shekara, a hannun fari da ambaliya da cuta. Manoman makani a Nijeriya da Gana da Kamaru sun ɗanɗana wannan wajen 2009 zuwa 2010, lokacin da cutar ƙunar ganye ta cinye gonaki. Ta biyu ita ce a rene su cikin kwalabe a ɗakin bincike, kamar yadda cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, take yi wa rogo da doya. Wannan ma sai an riƙa sauya musu kwalba, kuma kowane sauyi ƙofa ce ga ƙwayar cuta da kuskuren hannu.

Ta uku ita ce batunmu: daskarar da tsiro a ruwan naitirojin, a digiri 196 ƙasa da sifili. A wannan sanyi aikin ƙwayar halitta yana tsayawa cak. Ba ta girma, ba ta tsufa.

Abokin gaba a nan shi ne ƙanƙara. Uwargida ta sani, tumatirin da ya daskare a firiza, idan ya narke sai ya zama lugub, domin ruwan cikinsa ya zama tsinkayen ƙanƙara ya huda ƙwayoyinsa. Saboda haka ma'aikaci yakan zauna gaban madubin ƙara girma, ya ɓare ƙananan ganyen toho ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga kan tsiro wanda bai wuce milimita ɗaya ba. Sai ya jiƙa shi a ruwan sukari, sannan a wani haɗi mai gilisarin da ke zuƙe masa ruwa. Masanin Japan Akira Sakai da abokan aikinsa ne suka fito da wannan haɗi a 1990. Daga nan a ɗiga shi a kan 'yar takardar alminiyam, a tsoma cikin naitirojin farat ɗaya. Saurin sanyin ba ya ba ƙanƙara damar haɗuwa, ragowar ruwan sai ya sandare kamar gilashi. Ranar da aka buƙace shi, a ɗumama shi da sauri, a ɗora a kan abincin tsiro, bayan 'yan makonni ka ga ɗan kore ya leƙo.

Wannan aiki ya kankama. A Leuven ta Beljiyam akwai tarin ayaba fiye da iri 1,500, mafi yawansu an daskarar da su. Cibiyar CIP da ke Lima ta Peru tana yi wa dankalin Turawa haka.

Abin da ya sa nake ganin hanyar ta dace da mu shi ne tankin naitirojin ba ya dogara da wutar lantarki. Kamar filas yake, ana ƙara masa ruwan naitirojin a kai a kai. Amma idan aka bari ya ƙafe, aikin shekaru ya salwanta. Ke nan ana buƙatar kasafin kuɗi mai ɗorewa, da injin samar da naitirojin a kusa, da matasa masu haƙuri da taushin hannu. Kowane tsiro kuma da hanyarsa. Abin da ya yi wa ayaba ba lallai ya yi wa kaɗanya ba, kuma bincikenta ya fi kusa da mu da ke zaune a ƙarƙashinta.

Ɗalibai, irin doyar da wata tsohuwa ke riƙe da shi a bayan gidanta, mai yiwuwa shi ne ke ɗauke da maganin cutar da za ta zo gobe. Ku je ku karɓo shi tun tana da rai, ku rubuta sunan da take kiransa da shi, ku koyi yadda ake ajiye shi.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka.