Dukiyar da ke cikin salansar mota

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela



Kun ga masu sayen tsohon ƙarfe suna neman salansar mota. Ga dalili. Jikin salansar motocin zamani akwai ƴar tukunya, cikinta kamar saƙar zuma. An shafe cikin da ƙarafa masu tsada: filatin, faladiyom da rodiyom. Su ke rage gubar hayaƙi. A 2021, kuɗin rodiyom ya ninka na zinariya fiye da sau 10.

Amma giram kaɗan ne a kowace tukunya, kuma wutar maƙera ba ta fidda su. Kada ku ƙona ta a gida.

Mai sayen mota, leƙa ƙarƙashinta. Mai kai gyara, tsaya kusa. Mai saidawa, ji farashin mutum 3 kafin ka sallama.

Allah ya ba mu alheri.